Babi na Shida: Idan Waya Ta Nuna Fili Fari

Akwai wata tambaya wadda kusan duk mai riƙe da wayar zamani ya taɓa yin ta, ko da bakinsa ko a zuci, ita ce: me ya sa wani lokaci mutum zai buɗe wurin da ya saba ganin hotunansa, ko kayan da yake son saye, ko karatuttukan malamai da ya tara, sai ya tarar da fuskar wayar fari fat, ba hoto, ba rubutu, ba ko ɗigo? Kayan ne suka ɓace, ko wayar ce ta lalace, ko kuwa sabis ne ya ɗauke? Mas'alar tana da kama da ƙarama, amma wanda ya wuni cikin rana a ƙofar fadar Daura lokacin hawan Sallar Gani, yana ɗaukar hotunan mahaya da dawakinsu tun fitowar Sarki har komawarsa, sa'an nan ya koma gida Sandamu ko Baure, ya tara iyali domin ya nuna musu abin da idonsa ya gani, ya latsa ya ga wayam, wannan ba zai yarda a ce masa ƙarama ce ba, domin a lokacin gabansa ya riga ya faɗi, kuma ba shi da wanda zai tambaya sai wayar da ta yi masa shiru.

Abin da za mu bayyana a wannan babi shi ne, farin filin nan ba dalili guda ke kawo shi ba, kuma galibi manhajar ta san dalilin, ko kuwa tana da hanyar saninsa; abin da ya hana ta faɗa kawai shi ne wanda ya gina ta bai koya mata abin da za ta ce ba.

Gidan dara a fuskar waya

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa wajen jera abubuwa a fuskar waya. Ta farko ita ce jeri daga sama zuwa ƙasa, layi bisa layi, yadda sunayen mutane ke fitowa a WhatsApp; ta biyu kuwa ita ce a raba fuskar gida-gida, uku ko huɗu a kowane sahu, irin tsarin da muke kira gidan dara, kowane gida yana ɗauke da hoto guda. Wannan na biyun shi ake samu a ma'ajiyar hotuna, da shafin mutum na Instagram, da manhajojin saye da sayarwa, saboda ido ya fi saurin gane hoto a kan rubutu, kuma ta haka ake tara abubuwa masu yawa a ɗan ƙaramin wuri.

To, ya kamata mai karatu ya sani cewa gidajen nan ba a zane suke ba tun asali suna jiran a zuba musu kaya. Abubuwa uku ne ke aiki tare. Akwai ma'ajiyar da kayan suke, ko dai cikin wayar, ko cikin memori, ko kuwa a wata babbar kwamfuta ta kamfani da ke wata ƙasa mai nisa, wadda masu sana'ar ke kira saba. Akwai shi kansa filin da za a zana gidajen. Sa'an nan akwai mai shiga tsakaninsu, wanda a Android ake kira adafta, aikinsa kuwa shi ne amsa tambayoyi biyu da filin ke yi masa: abubuwa nawa ne, kuma mene ne zai zauna a gida kaza? Idan ya ce 40, sai a tanadi gurbi 40, a zana waɗanda fuska za ta iya ɗauka, sauran kuma a riƙa zana su yayin da yatsa ke jan fuskar sama. Idan kuwa ya ce sifiri, babu gidan da za a zana, sai fili ya zauna yadda yake.

Na'ura ba ta yi kuskure a nan ba, abin da aka umarce ta shi ta aikata. Giɓin yana wajen ɗan Adam ɗin da ya tsara abin da za a yi in akwai kaya, ya manta da ranar da babu. Mantuwar kuwa tana da sababi sananne, domin maginin manhaja, yayin da yake gwada aikinsa, yakan cika ta da hotunan gwaji domin ya ga kyanta, yana zaune inda intanet ke da ƙarfi, har ya gama aikin duka bai taɓa ganin fuskar da baƙo zai fara cin karo da ita ba, alhali kuwa ita ce fuskar farko da mutane da yawa ke gani ranar da suka sauke manhajar.

"Babu" ba iri ɗaya ba ce

Mu ɗauki misali da mai shagon yadi a kasuwar Daura. Ka je neman wata shadda, ka duba kanta ka ga ba ta nan. Mai shago na ƙwarai ba zai bar ka tsaye kana kallon katako ba, lalle zai ce maka wani abu. Yana iya cewa, "Alhaji, jiya muka buɗe, kaya ba su iso daga kasuwar Kwari ba tukuna." Yana iya cewa, "Ta ƙare tun kafin Sallah," ko kuwa, "Wannan launin ne babu, amma ga waɗansu." Yana iya cewa kuma, "Tana sito, yaro ya tafi ɗaukowa, bismillah ga benci," ko, "Makullin sito yana hannun maigida, gaskiya ban san ko akwai ba." Kantar guda ce, kuma a dukkan halayen nan babu shadda a kanta, amma kowace amsa abin da take sa ka yi dabam ne: wata ta sa ka dawo jibi, wata ta sa ka zaɓi wani launi, wata ta zaunar da kai, wata ta tura ka shago na gaba.

Haka al'amarin yake a waya. Akwai filin da ya zama fari saboda mutum sabon shiga ne, bai ajiye komai ba tukuna. Akwai wanda ya zama fari saboda mai shi ya goge abu na ƙarshe da hannunsa. Akwai kuma na mai bincike, wanda ya rubuta sunan abu, ko ya taƙaita nemansa da sharaɗi, misali ya ce a nuna masa takalman da ba su wuce naira 5,000 ba, aka duba ba a sami wanda ya cika sharaɗin ba, alhali takalma suna nan jibge a bayan sharaɗin da shi da kansa ya gindaya, watakila ma tun jiya, har ya manta. Waɗannan uku su ne babu ta haƙiƙa, domin an duba an tabbatar.

Sauran kuwa sunan babu kawai suka ara. Wani lokaci kayan suna hanya, an nema daga saba, ba su gama isowa ba. Wani lokaci an aika neman amma amsa ba ta dawo ba sam, saboda sabis ya yanke ko data ta ƙare. Wani lokaci katin memori ne ya goce daga mazauninsa bayan waya ta faɗi. Akwai kuma mas'alar izini, wadda ta fi sauran ruɗa jama'a. Tun daga Android na 6, wanda ya fito a 2015, aka tsara cewa manhaja ta nemi iznin mai waya a daidai lokacin da take son duba hotunansa, sai wani ɗan akwati ya ɓullo da rubutun Turanci da zaɓi na yarda ko na ƙi. Mutane da yawa kuwa, saboda tsoron 'yan damfara, wanda tsoro ne mai hujja, sukan latsa na ƙi ba tare da sun karanta ba. Daga nan manhajar ta makance, ba ta ganin ko hoto guda, alhali hotunan suna nan lafiya lau inda aka ajiye su.

Rashin samu da rashin samuwa

A nan ne jigon babin yake, saboda haka za mu ɗan daɗe. Malaman usulu da na manɗiƙi suna da wata ƙa'ida da ɗalibi ke ji tun yana matakin farko, cewa rashin samun abu ba ya zama hujja a kan cewa abin babu shi. Wanda ya ce "na duba, babu" ya ba da shaida ne a kan abin da ya sani. Wanda ya ce "ban iya dubawa ba" ya ba da labarin kansa ne kawai, bai ce komai a kan abin da ake nema ba. Wanda kuwa ya kasa dubawa sa'an nan ya ce "babu", ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba, kuma kowa ya san matsayin irin wannan shaida a gaban alƙali.

Manhaja tana da cikakkiyar hanyar rarrabe waɗannan halaye. Duk lokacin da ta aika nema zuwa saba, amsar takan zo da lamba a goshinta: 200 na nufin buƙata ta biya, 404 na nufin ba a sami abin da aka nema a wannan adireshi ba, 500 na nufin sabar ce da kanta ta sami matsala, wani lokaci kuma babu amsar da ke zuwa har wa'adin jira ya cika. Idan amsa ta zo da 200, aka buɗe ta aka ga jerin ba komai a ciki, wannan yaƙini ne, ana iya gaya wa mutum babu da zuciya ɗaya. Duk abin da ba wannan ba kuwa shakka ce. Amma akwai wata gajeriyar hanya da magina da yawa ke bi domin kada manhaja ta rufe kanta a hannun mutum: sukan tsara cewa duk matsalar da ta auku, ko wace iri ce, a mayar da jeri marar komai kawai a wuce. Da haka sai adafta ya ce sifiri, saƙon "babu komai" ya fito da ƙarfinsa, alhali gaskiyar magana ita ce ba a kai ga dubawa ba. A ganina wannan ya fi farin fili muni nesa ba kusa ba, domin farin fili shiru ne, mutum yana iya yin zato iri-iri, amma wannan magana ce aka yi masa, kuma ba gaskiya ba ce.

Kada mai karatu ya ɗauka illar ta tsaya ga hotunan hawan Sallah. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a duk faɗin Nijeriya, mutanen da ba su taɓa sha'awar manhajar banki ba sun koma kanta ala tilas. A ce ranar Lahadi ce a kasuwar Mai'adua, an yi cinikin sa, mai saye ya ce ya tura kuɗi, mai sayarwa ya buɗe wurin da ake ganin abin da ya shigo. Ko a jere aka tsara wurin ko a gidan dara, hukuncin ɗaya ne. Idan wayar ta ce masa, "Ba a samu an duba ba, babu sabis, a sake gwadawa," zai matsa inda sabis yake, mai saye ya jira shi, su rabu lafiya. Idan kuwa ta ce masa babu abin da ya shigo, alhali ba ta duba ba, to, ta shiga tsakanin Musulmi biyu da zargi, ko dai a riƙe dabbar mutumin da ya riga ya biya, ko a sa shi ya sake turawa ya biya sau biyu. Kuma a ƙasar da ta yi iyaka da Nijar kamar tamu, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa a ƙauyuka, inda wanda ya kusanci Kwangwalam wayarsa kan iya kama layin ƙetare, wannan hali na kasa dubawa abu ne na yau da kullum. Wanda ya gina manhaja domin mutanen Zango da Baure ya bar shi a matsayin abin da ba safai yake aukuwa ba, bai san waɗanda yake yi wa aiki ba.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma malamai ba su ɗauki wannan a matsayin naƙasa gare shi ba, sai ma suka riƙa kafa hujja da shi a kan amanar ilmi. Manhajar da ta iya cewa "ban samu na duba ba" ita ce za a gaskata ranar da ta ce "babu".

Magabata ba su bar gurbi shiru ba

Wannan damuwa ta girmi waya da ƙarnoni masu yawa. Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafi a kan lissafin mutanen Indiya wajen shekara ta 825 Miladiyya, wanda asalinsa na Larabci ya ɓace sai fassarar Latin ta wanzu, kuma a cikinsa ya koyar da cewa idan aka yi ɗebewa babu abin da ya rage a wani gurbi, a sa ɗan ƙaramin da'ira a wurin, kada a bar shi fili. Hikimar a bayyane take: in ba don wannan da'ira ba, da mai karatu bai iya rarrabe 305 da 35 ba, domin fili tsakanin lambobi biyu yana iya zama nufi, yana iya zama kuma hannun marubuci ne ya ɗan buɗa.

Haka nan masu kwafe littattafai da hannu. Idan ɗayansu yana kwafe wani matani ya iske wuri fari a cikin asalin da ke gabansa, ba ya cike shi da zatonsa, ba ya kuma wucewa shiru. Yakan bar farin yadda ya same shi, ya rubuta tanbihi a hashiya cewa haka wurin yake a asali, ko kuwa cewa farin nan ingantacce ne, babu abin da ya faɗi. Littattafanmu na zaure kuwa, da yake galibi warƙoƙi ne a sake ba a ɗinke ba, ana adana su cikin gafaka, sai marubuta suka riƙa sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gabata, domin ɗalibi ya gane nan take ko warƙa ta ɓace ko ta sauya wuri. Duk waɗannan dabaru manufarsu guda ce, watau kada a bar mai karatu yana wahami a kan ko rashin da yake gani na asali ne ko na asara.

Yadda magina ke toshe giɓin

Tun fitowar Android a 2008, kayan aikin da ake zana gidan dara da shi, mai suna GridView, ya zo da wata 'yar ƙofa da ake kira setEmptyView: magini ya shirya saƙonsa a gefe ya miƙa, duk lokacin da adafta ya ce sifiri sai gidan dara ya ɓoye kansa saƙon ya bayyana. A 2014 aka fito da RecyclerView, wanda ya zama abin da akasarin magina suka koma kansa, amma shi bai zo da wannan ƙofa ba, sai magini ya sa ido da kansa a kan adadin kayan, ya nuna saƙo ko ya ɓoye shi duk lokacin da adadin ya sauya. A ɓangaren iPhone kuma, shekaru da dama magina suna liƙa saƙon a bayan filin da dabarar kansu, sai a 2023, tare da iOS 17, kamfanin Apple ya kawo shiryayyen kayan aiki domin wannan buƙata, shekara 15 bayan buɗe App Store. Wannan jinkiri kansa ya isa ya nuna yadda aka daɗe ana ɗaukar mas'alar da sauƙi.

Sai dai ko da ƙofar tana nan, adadi kawai take dubawa, ba ta san dalili ba. Jeri kuwa da sifiri yake farawa kafin kaya su iso, shi ya sa wani lokaci za ka ga "babu komai" ya gilma na ɗan lokaci sa'an nan hotuna su zubo. Inda sabis ke da ƙarfi gilmawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma a ƙauye tana iya daɗewa har mutum ya gaskata ya rufe manhajar. Maganin shi ne magini ya ware halaye huɗu tun daga tushe, watau ana kan nema, an samu, an duba babu, da an kasa dubawa, kowanne da fuskarsa. Lokacin nema akan nuna da'ira mai juyawa, ko gidaje masu launin toka a inda hotuna za su zauna. Masanin nan Jakob Nielsen, ɗan asalin ƙasar Denmak, ya bayyana a littafinsa na 1993 cewa jiran da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba mutum ba ya jin sa, na daƙiƙa guda ba ya yanke masa tunani, amma bayan daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Kuma cikin ƙa'idoji 10 da ya fitar a 1994, ta farko ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki.

Gidan dara yana da wani tarko na kansa wanda jeri ba shi da shi. Sabon magini yakan sa saƙon a matsayin ɗaya daga cikin gidajen, sai ya matse a gida na farko can kusurwar sama, kalmomi suna karyewa biyu-biyu, sauran fuskar kuma fari. Daidai shi ne saƙon ya zauna a shimfiɗarsa dabam a tsakiyar fuska, ko a ba shi faɗin sahu gaba ɗaya. Wajibi ne kuma a gwada shi ta fuska biyu: ya ɓace da zarar abu na farko ya shigo, ya dawo da zarar an goge na ƙarshe.

Me za a rubuta a wurin?

Saƙo mai amfani yakan faɗi halin da ake ciki, da dalilinsa in an sani, da abin da mutum zai yi, kuma duk wannan ba ya buƙatar fiye da jimla biyu da maɓalli guda. Ga sabon shiga: "Ba a ajiye hoto a nan ba tukuna," da maɓallin "Ɗauki hoto" a ƙasa. Ga mai bincike: "Ba a sami takalmi a wannan farashi ba," da maɓallin cire sharaɗi. Ga wanda sabis ya yanke masa: "Ba a samu an duba ba saboda babu intanet," da maɓallin sake gwadawa. Ga mas'alar izini: "Ba a ba wannan manhaja iznin ganin hotuna ba," da maɓallin da zai kai mutum kai tsaye wurin bayar da iznin, maimakon a bar shi yana lalube cikin saitin waya.

Mai karatu zai lura cewa duk misalan nan da "ba a" suka fara. Da gangan ne, domin Hausa tana rarrabe namiji da mace a wajen magana da mutum, manhaja kuwa galibi ba ta san wanda ke riƙe da ita ba. In ta ce "ba ka ajiye ba" ta bar mata a waje, in ta rubuta "ka/ki" ta zama takardar cikewa ta ofis. Akwai kuma fa'ida ta biyu, cewa wannan lafazi ba ya ɗora wa kowa laifi, kuma mutumin da ke cikin fargabar ɓatan kayansa ba lokacin nuna masa yatsa ba ne. Ina roƙon samarinmu masu koyon wannan sana'a, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 da waɗanda suka koya da kansu a waya, su rubuta irin waɗannan saƙonni da Hausa tun daga farko, su karanta wa iyayensu su ji ko sun gane, kuma su gwada a tsohuwar Tecno ko Itel su tabbatar haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai, domin a waɗansu tsofaffin wayoyi akwati ne marar komai ke fitowa a madadinsu.

Hoto a gefen rubutun yana da amfani ƙwarai ga wanda karatunsa na allo ne da ajami, bai saba da boko ba, muddin hoton yana faɗin wani abu: alamar sabis da aka ja wa layi ta fi zanen ado. Amma kada hoto ya maye gurbin rubutu, saboda makafi suna amfani da waya ta hanyar TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, waɗanda ke karanta musu abin da ke fuska da murya, kuma hoton da ba a haɗa shi da bayani ba babu abin da za su karanta a jikinsa. Raha ma tana da wurinta. Tun 2014 manhajar Chrome ke nuna wani ɗan wasa na wata dabba mai tsalle idan intanet ya yanke, tare da faɗin gaskiyar cewa intanet ne babu, kuma yara suna son sa. Amma inda maganar kuɗin mutum ce, ko sakamakon jarrabawarsa, ko takardar asibiti, zanen dariya rashin ladabi ne.

Kafin a kai waya wurin mai gyara

Shi kuma mai waya, tunda ba dukkan manhajoji ne za su gyaru gobe ba, akwai abin da ya kamata ya kiyaye. Idan ya ga fili fari, ya fara duba ko akwai sabis da data, ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ya duba ko akwai wani sharaɗin bincike da ya bari a kunne, sa'an nan ya shiga saiti ya ga ko an ba ta izini. In hotuna ne, ya nemi su ta wata manhajar dabam, kamar mai nuna fayil, domin in sun fito a can to lafiyarsu lau. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne gaggawar yin filashin, domin filashin yana share abin da ke cikin wayar, sai ya zamana hotunan da ɓoyuwa kawai suka yi yanzu sun tafi da gaske. Mai gyara na kirki, idan dattijo ya miƙo masa waya ya ce, "Ɗana, komai ya goge, yi mata filashin," zai ce, "Baba, a dakata tukuna, bari mu duba izini da memori," kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Wannan kuwa ya kawo mu ga wata tambayar da muka yi ta giftawa ta gefenta: shin hoton da mutum ke gani a wayarsa a ina yake zaune a haƙiƙa, cikin wayar, ko a memori, ko a sabar wani kamfani a Amurka ko Turai, kuma wanne ne daga ciki zai tsira idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta a tasha? Wannan shi ne abin da za mu duba a babi na bakwai, in Allah Ya yarda.